An Yafe wa Iya

Ranar da aka kai Iya ofishin 'yan sanda, babu wanda ya yi niyyar ta kwana a can. Haka mutanen gidan suka riƙa faɗa daga baya, kuma wataƙila gaskiyarsu ce. Sarƙar gwal ta Mama ce ta yi ɓatan dabo. An birkice ɗakuna, an ɗaga katifu, an zazzage jakunkuna, babu ita babu dalilinta, kuma duk gidan babu mai shiga ɗakin Mama da tsintsiya sai Iya. Shekara ashirin da biyu tana wanki da shara da girki a gidan nan. Ita ta goyi Auta, ita ta riƙa kai ta makaranta tana riƙe da hannunta, har yarinyar ta girma ta zama mai ba da magani a wani babban kanti. Amma da gwal ya ɓata, sai kowa ya tuna cewa Iya ba jinin gidan ba ce.

Abba ne ya ce a kai ta a ɗan razana ta. A ganinsa, da ta ga kaki da bindiga za ta faɗi inda ta kai sarƙar, a dawo gida a rufe maganar. Auta tana wurin aiki aka yi wannan shawara. Da ta dawo da azahar ta tarar da wanki jiƙe a baho babu mai shi, ta tambaya, aka faɗa mata, ko zama ba ta yi ba ta juya.

Ofishin ɗaki ne mai tsawo, da benci biyu da wata doguwar kanta, da fanka da ta gaji da juyawa. Wani Saje mai furfura a gemu yana zaune da ƙaton littafi a gabansa. Ya sa aka fito da Iya daga bayan kanta. An karɓe mata takalmi da mayafi da 'yar jakar da take ajiye maganin ciwon suga, kuma babban yatsanta na dama ya yi shuɗi da tawada. Ta ce sun rubuta wani abu sun ce bayaninta ne, sun ce ta dangwala, ta dangwala. Ba ta iya karatu ba, kuma babu wanda ya karanta mata. Abin da ya fi damunta a lokacin shi ne ta baro fararen kayan Abba a ruwa, za su yi wari.

Auta ta roƙi Saje ya sake ta. Bai yi mata tsawa ba, mutum ne da ya ga irin wannan har ya gaji. Ya ce shi dai ya san da ɗan gari a kan ci gari, sata a cikin gida ba ta rasa hannun na ciki, amma ba shi ya kawo ta ba. Ƙara ta riga ta shiga littafi da sunan Mama.

"'Yata, wanda ya ɗaura shi ke kwancewa," ya ce. "Mai ƙara ta zo ta ce ta janye, in buɗe mata ƙofa yanzun nan. In ba ta zo ba, doka ba ta yarda in ajiye mutum ya wuce kwana biyu ba. Kotu zan tura ta."

Auta ta kai wannan magana gida da gudu. Abba ya ce barazana ce irin ta 'yan sanda, a bar ta ta kwana ɗaya, gobe bakinta zai buɗe. Washegari tafiya ta kama shi tun da sassafe. Mama kuwa ta ce ita ba za ta taka ofishin 'yan sanda ba mijinta ba ya gari, kuma har yanzu zuciyarta na tafasa, don mahaifiyarta ce ta bar mata sarƙar. Rana ta uku da hantsi aka sa Iya a mota aka wuce da ita kotu.

Minti goma ba a yi ba a gaban alƙali. Aka karanta mata tuhuma, ta ce ba ta ɗauka ba. Alƙali ya ba da beli, amma sai an samu mai tsaya mata wanda yake da gida a garin, ya kawo takardun gidan a gani. Ɗan Iya ɗaya ne a duniya, tela ne, abin da ya mallaka keken ɗinki ne da almakashi, shagon ma haya yake yi. Ya yi kwana uku yana bin mutane, duk wanda ya ji an ce takardun gida da kotu sai ya tuna yana da uzuri. Mai gida ɗaya tak Iya ta sani a rayuwarta, shi ne kuma wanda ya kai ta. Aka wuce da ita gidan yari, ɓangaren masu jiran shari'a.

Kwana tara da kai Iya, ranar ziyara ta zo. Auta ta dafa shinkafa da miya mai ɗan gishiri kaɗan, yadda ya dace da mai ciwo. Kulolin da ake amfani da su duk manya ne, sai ta taka kujera ta sauko da wata tsohuwar ƙaramar kula daga saman kabad ɗin sito, wadda aka daina ɗauka tun da murfinta ya tsage. Ta buɗe don ta ɗauraye. A ciki akwai safa baƙa ɗaure da ƙulli, mai nauyi. Tun kafin ta kwance ta san abin da ke ciki, ta zauna a kan buhun shinkafa.

Mama mace ce mai tsoron ɓarayi, kuma tana da wata ɗabi'a: duk ranar da baƙon ma'aikaci zai shigo gidan sai ta sauya wa gwal ɗinta wurin ɓuya, ba ta faɗa wa kowa. Da ta ga safar a hannun Auta ta dafe ƙirji ta yi hamdala, har da dariya, ta ce ai ranar da mai gyaran famfo ya zo ne ta saka ta a can, shaf ta manta. Dariyar ba ta yi nisa ba ta tsaya. Suka kalli juna, uwa da 'ya. Auta ta ce su tafi kotu yanzu. Mama ta ce a jira Abba, a kuma kira Yaya.

Yaya shi ne babban ɗan gidan, lauya ne, kuma tun da ya sa baƙar riga maganarsa ta zama yanke a gidan. Ya zo da la'asar, ya saurara, ya daɗe yana juya makullin mota a yatsa. Sai ya shiga bayani, dalla-dalla, kamar yana gaban alƙali. Mama ta rubuta wa 'yan sanda cewa ta tabbata Iya ce. In yanzu aka koma aka ce sarƙa na gida, ana iya tuhumar Mama da ba hukuma bayanin ƙarya. Ko ba a yi haka ba, wani lauya mai jin yunwa zai zuga tela ya kai su ƙara don an tsare uwarsa a banza, sunan gidan ya shiga bakin duniya. Amma akwai hanya mai sauƙi. Kada kowa ya je kotu. In mai ƙara ba ta zo ba sau ɗaya, sau biyu, alƙali zai kori shari'ar da kansa, Iya ta fito, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Auta ta tambayi kwana nawa hakan zai ɗauka. Yaya ya ce ba zai wuce zama biyu ba. Ta ce Iya tana da suga, kuma babu abin da ta yi. Abba ya ɗago ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce maganar sarƙa ta mutu a ɗakin nan, duk wanda ya fitar da ita bai yafe masa ba. Ya tashi ya tafi masallaci.

Abincin ya huce kafin Auta ta isa gidan yarin, a wata kular daban, don ta kasa taɓa waccan. A ƙofa aka karɓi wayarta, aka rubuta sunanta, wata gandiroba ta caka cokali cikin shinkafar har ƙasa ta ce ta ci loma biyu a gabanta. Ta ci, ba ta ji ɗanɗanon komai ba. Aka fito da Iya zuwa wani benci a ƙarƙashin rumfar kwano. Ta faɗa kaɗan, amma tana murmushi. Ta tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi wanda yake yi wa Abba guga, don ba kowa ya san yadda yake son wuyan rigarsa ba. Can ta rage murya.

"Auta, har yanzu ba a gan ta ba?"

"Ana dai dubawa, Iya."

"Ku duba da kyau, 'yar nan. Mamanki akwai ajiyar mantuwa. In sha Allahu tana cikin gidan."

Auta ta ce to. A duk rayuwarta ba ta taɓa yi wa Iya ƙarya ta wuce ba tare da an kama ta ba, amma wannan ta wuce lafiya lau, kuma abin ya ba ta tsoro.

Zama na farko ya zo bayan sati shida. Mama ba ta je ba, kamar yadda aka tsara. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce shaidarsa babbar mace ce, wataƙila uzuri ne ya riƙe ta, ya roƙi a ba shi wata rana, aka ba shi. A zama na biyu motar gidan yari ba ta da mai, ba a kawo kowa ba, kuma alƙali ya ce ba zai yi hukunci a bayan wadda ake tuhuma ba. A na uku alƙalin ne aka yi wa canjin wurin aiki, sabon bai iso ba. Da sabon ya iso, ma'aikatan kotu suka tafi yajin aiki, aka sa wa ƙofa kwaɗo. Duk lokacin da Auta ta tare Yaya, sai ya ce mata ai shari'a saɓanin hankali ce, ta yi haƙuri, zama mai zuwa ne na ƙarshe. Shi da ya san kotu ciki da waje ya fi kowa sanin cewa shari'ar talaka ba ta mutuwa da kanta, mai ita ne yake mutuwa. Amma ya faɗi abu a gaban mahaifinsa, kuma ba ya son a ce ya yi kuskure.

A wata na uku silifas ɗin Iya ya tsinke, ta yi kwana biyu tana yawo ba takalmi a tsakar gidan yarin, wani abu ya yanke ta a ƙarƙashin babban yatsa. Ba ta ma ji ba sai da wata 'yar ɗakinsu ta ga jini. Auta ta kawo magani da auduga da bandeji, aka ce doka ba ta yarda a miƙa wa fursuna magani hannu da hannu ba, sai an ajiye a ɗakin shan magani a riƙa ba ta. Wata rana a ba ta, wata rana mai makullin bai zo ba. Abincin gidan kuwa ba ya tambayar wa ke da suga. Duk ziyara Auta takan durƙusa ta kwance tsumman ta duba. Ciwon da ya fara kamar ƙwayar wake ya buɗe, bakinsa ya yi fari, daga baya yatsan ya soma duhu. Aikinta ne sanin ma'anar wannan launi, kuma ta sani.

A gida kuwa kowa ya samo wa kansa abin da zai jingina da shi. Mama ta dage da aike: sabulu, zani, man shafawa, abinci duk mako. Takan ce Allah ya sani ba ta da ƙullin Iya a zuciya, kullum tana sa ta a addu'a. Sarƙar kuwa ta hana ta sukuni, ba ta iya sawa, ba ta iya kallo, har dai ta ba wata ƙawarta ta kai wa maƙeri a wani gari ya narkar ya mayar da ita awarwaro. Abba ya ce ƙaddara ce, kowane bawa da irin jarrabawarsa, kuma in Iya ta fito zai yi mata abin da za ta manta da wahalar. Da Auta ta roƙe shi ya sa ɗaya daga cikin abokansa masu gidaje ya tsaya mata beli, ya ce mutane za su tambaya, don me wanda aka yi wa sata yake neman wa ɓarawo beli? Daga nan za a fara zargi. An ɗauki sabuwar mai aiki, an ba ta ɗakin Iya, an tattara kayan Iya a buhu biyu an kai sito.

Kada a ce Auta ba ta da nata rabon. Sau ɗaya ta yi ta maza, ta ɗauki hutun rabin yini ta tafi kotu don ta faɗa wa mai gabatar da ƙara gaskiya. Ta isa har ƙofar ofishinsa, tana jin muryarsa yana waya. Sai ta tuna abin da Mama ta faɗa mata da safe tana kuka, da ta ga take-takenta: in kina so ki ga uwar da ta haife ki a bayan kanta babu mayafi, da hawan jininta, to ki je. Ta tsaya a barandar har wani masinja ya tambaye ta wa take nema. Ta ce ta yi ɓatan hanya ne. Tun daga ranar ta daina ganin laifin kowa a gidan fiye da nata, amma hakan bai fitar da Iya ba.

Tela ma yana shan tasa. Magana ta zaga unguwarsu, masu kawo ɗinki suka fara janyewa, don wa zai bar yadinsa mai tsada a hannun ɗan ɓarauniya? Wata rana suka haɗu da Auta a layin masu ziyara, rana tana dukan kowa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya tambaye ta, tsakaninta da Allah, ko tana ganin Iya ta ɗauka. Ta ce Iya ba za ta taɓa yin sata ba. Ya ce shi ma haka ya sani, amma to ina sarƙar ta shiga? Manyan mutane irin su Abba, masu salla a sahun gaba, ba za su bar tsohuwa a wannan wuri wata biyar a kan abin da ba su tabbatar ba. Layi ya matsa gaba, Auta ma ta matsa.

A ranar, a gabanta, ya durƙusa kusa da mahaifiyarsa ya yi magana a hankali, da ladabi, kamar mai neman alfarma.

"Iya, in wata larura ce ta sa, ki faɗa min. Ko wani ne ya yaudare ki. Ki faɗi inda take, in je in ba su haƙuri, mu huta."

Iya ta kalle shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta janye hannunta daga nasa, ta ce wa gandiroba ta gaji, a mayar da ita ciki. An tsare ta, an kira ta ɓarauniya a gaban alƙali, ta kwanta a siminti da mata talatin, duk ta ɗauka da murmushi don ta san waɗanda suka san ta sun san ta. Wannan tambaya ɗaya ce ta karya ta. Daga wannan mako abincin da Auta ke kaiwa 'yan ɗakinsu ne ke cinyewa, kuma ta daina tambayar ko an ga sarƙar.

A wata na bakwai sai da mata biyu suka riƙo ta zuwa bencin. Tun kafin a kwance tsumman wari ya riga ya ba da labari. Baƙin ya wuce yatsu ya hau bayan ƙafa, jikinta zafi rau. Ma'aikaciyar jinya ta gidan ta ja Auta gefe ta ce ta rubuta takardar a kai ta babban asibiti tun sati biyu da suka wuce, amma sai an sa hannu daga sama, a samo mota, a samo masu gadi biyu da za su zauna da ita. Ta ce in suna da wata hanya su bi ta, don ita ba ta ga alamar tsohuwar za ta ga ƙarshen wata ba.

Auta ta koma gida ta same su a falo, ba ta yi sallama ba. Ba ta roƙi kowa ba wannan karon, ta gaji da roƙo. Ta ce wa Yaya in Iya ta mutu a tsare za a yi bincike, za a buɗe fayil, za a tambayi dalilin da mai ƙara ba ta taɓa zuwa kotu ba ko sau ɗaya. Abin da tausayi bai yi ba a wata bakwai, wannan magana ta yi shi a minti ɗaya. Washegari Yaya ya zo da takarda a buge, Mama ta sa hannu. Auta ta karanta a tsaye. Takardar ta ce mai ƙara, saboda tsufan wadda ake tuhuma da daɗewarta tana hidima a gidan, ta yafe mata, ta kuma janye ƙararta don Allah.

"Yaya, wannan ai cewa aka yi ta sata."

"Cewa aka yi ta fito. Ki zaɓa, takardar nan ko gawa."

Wannan karon ba a rasa mai a mota ba, ba a rasa alƙali ba, don Yaya ya bi ko'ina da ƙafarsa. Cikin kwana huɗu aka kira shari'ar, abin da ya nuna tun farko ana iyawa. Aka shigo da Iya a kan kujera aka ajiye ta kusa da akwatin masu laifi, don ba ta iya tsayuwa. Mai gabatar da ƙara ya karanta takardar, alƙali ya yaba wa mai ƙara, ya ce an sallami wadda ake tuhuma. Magatakarda ya sunkuya ya maimaita mata cewa an yafe mata, ta tafi gida.

Iya ta ɗago kai da ƙyar. "Ranka ya daɗe, me aka yafe min?"

Wasu suka yi dariya a baya. Alƙali ya ce, "Baba, ki gode wa Allah, ki je ki nemi magani," ya kira shari'a ta gaba.

A harabar kotu mutane suka kewaye Abba suna sa masa albarka, ana cewa irinsu sun yi ƙaranci a wannan zamani. Tela ya zube a gabansa gwiwa biyu yana godiya, yana ba da haƙuri a madadin uwarsa. Abba ya dafa kansa ya ce ba komai, ɗan Adam ajizi ne, kuma shi zai ɗauki nauyin asibiti. Ya faɗa da ƙarfi yadda na nesa ma za su ji.

Likitoci ba su yi wata doguwar shawara ba. A ranar suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, suka ce da an kawo ta wata biyu da suka wuce da yatsa ɗaya kawai za a cire. Kwana uku Iya tana tsakanin barci da farkawa. A safiya ta huɗu Auta ta zo da ruwan zafi ta goge mata fuska da hannuwa, ta gyara mata matashi. Tela ya fita baranda don masu shara su yi aikinsu. Zanin gadon ya kwanta shafal a inda ƙafar hagu ya kamata ta kasance, Auta ta kasa ɗauke ido daga wurin.

Ba ta shirya faɗa ba. Maganar ce ta fito da kanta, a rarrabe, tana kuka tana haɗiye rabi: sito, tsohuwar kula, baƙar safa, taron falo, shawarar Yaya, da ita kanta a ƙofar ofishin mai gabatar da ƙara. Iya ta saurara idonta a rufe har ta gama.

"Tun yaushe?"

"Kwana tara da kai ki."

"Ranar da kika fara zuwa da shinkafa."

"Ranar, Iya."

Auta ta durƙusa a gefen gadon ta kama hannun Iya tana cewa ta yafe mata, ta yafe musu. Iya ba ta janye hannun ba, ba ta kuma riƙe nata ba.

"Ku ne masu yafiya, ni me na sani a ciki?" ta ce a hankali. "Tashi, 'yar nan. Ba ni za ki faɗa wa ba, ni na san ban ɗauka ba. Ɗana ne bai sani ba. Yana waje."

Barandar cike take da masu jinya, wasu a kan tabarma, wasu suna wanke kwanuka a bakin famfo. Tela yana zaune a ƙasa ya jingina da bango. Da ya gan ta ya miƙe da sauri, ya cire hula, ya fara abin da ya saba tun ranar kotu: Allah ya saka wa Abba, Allah ya saka wa Mama, su ba su da bakin godiya. Ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Ta faɗa masa duka, wannan karon ba kuka, ba ta rage komai ba, ba ta kuma sassauta murya ba duk da na kusa sun daina wanke-wanke suna saurare.

Bai zage ta ba. Da ya zage ta da ta ji sauƙi. Ya tsaya yana murza hular a hannunsa, yana kallon ƙofar ɗakin da uwarsa ke kwance, uwar da ya durƙusa ya roƙa ta faɗi inda ta ɓoye kayan sata.

"Lokacin da kuka ga sarƙar," ya ce, "ƙafarta fa?"

"Lafiyarta ƙalau. Ko ƙwarzane babu."

Ya gyaɗa kai. Ya wuce ta ya shiga ɗakin, ta bi shi da ido ta taga. Bai je wurin kan gadon ba. Ya zube a ƙasa daga wajen ƙafafu, ya kifa fuskarsa a kan zanin, a daidai inda babu komai, kafaɗunsa suna girgiza. Can Iya ta miƙo hannu tana laluben kansa, amma ya yi mata nisa, hannun bai kai ba.

A littafin kotu har yau abin da ke rubuce shi ne an tuhumi wata tsohuwa da satar gwal, mai kaya ta yafe. A unguwa kuwa, in ana misalin mutanen kirki, gidan su Auta ake fara kira.